Faifan da Ya Ƙi Karɓar Sabon Suna

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin sauka Zariya lafiya, kin kuma samu ɗaki da abokan zama na kirki. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Mu nan Batsari sai godiya. Labarin gida na bar wa mahaifiyarki, ta fi ni iya shi.

Ranar da kike haɗa kaya, ina zaure ina jin ki kina nuna wa ƙannenki ɗan abin nan da kuke kira filashi. Kika ce duk littattafan makarantarku za su shiga cikinsa har a samu saura, kuma na'urorin yanzu ba sa cika. Ban ce komai ba, don ni bakina ba ya saurin kawo magana, hannuna ya fi shi. Amma tunda karatun kwamfuta za ki yi, na ga gara in rubuta miki abin da ya faru tsakanina da ita tun ba a haife ki ba. Kin san wani ɓangare na labarin. Ba ki san yadda ya zo ba.

An haife ni a ruga, can bayan Ruma kusa da daji. Mahaifiyata ta rasu ina goye, Goggo Hansai, yayar Baffa mahaifina, ita ta raine ni. Wajen lokacin da aka samu mulkin kai, mutanen hakimi suka zo suka ce kowane arɗo ya ba da yaro ɗaya a sa shi makaranta. Aka duba aka ba da ni. Goggo ta ce an zaɓe ni ne don ina da kai. Ni dai na ɗauka don ba ni da uwar da za ta tsaya tana kuka ne. Ko ma mene ne, na yi karatun, daga baya na koyi tafireta a Katsina, na zama akawu. Da kuɗin mai suka shigo, ofisoshi suka yi ta fitowa, sai na samu aiki a wani ofishin aikin gona da kiwo da aka buɗe a Safana. Na sayi babur, na yi aure, ina zuwa ruga in an yi hutu.

Can wajen ƙarshen shekarun wadatar nan aka kawo mana kwamfuta. Akwati ne babba mai fuska koriya, sai an tayar da janareta take aiki. Ba ta riƙe komai a cikinta. Duk abin da ka rubuta sai ka adana shi a faifai, wani ɗan abu baƙi mai laushi kamar kwali, in ba haka ba da wuta ta ɗauke ya tafi. Da yake ni na fi kowa saurin hannu a ofis, manajanmu Malam Lawal ya tura ni kwas Kaduna.

Wadda ta koyar da mu wata mata ce, Malama Rahila, mutuniyar kudancin Zariya. Na girme ta nesa ba kusa ba. Da Turanci take koyarwa, amma Hausa a bakinta kamar ni da ke, kuma kullum in ta gama sai ta ce wanda bai gane ba ya tambaya. Akwai ranar da ta tsaya ta yi dogon bayani a kan yadda faifai yake cika. Na ji ta ce cikarsa iri biyu ce. Na gane ta farko, wato rubutu ya yi yawa wuri ya ƙare, wannan kowa ya san shi. Ta biyun ban gane ba. Ta dube ni ta ce, "Malam Sule, an gane?" Na ce an gane. Ni ne babba a ajin, yaran suna kallona a matsayin gwani saboda saurin hannu, sai na ji nauyin in ɗaga hannu gaban yarinya in ce ban fahimta ba.

Uwani, ki tambaya. Ko da ajin zai yi dariya, ki ce a sake. Idan malamin ƙaninki ne a shekaru, ki tambaye shi da ladabin da za ki tambayi babba. Abin da na ƙi tambaya a ranar bai fi a amsa mini shi kafin shayi ya huce ba.

Da na dawo Safana, Malam Lawal ya kawo wata shawara. Ya ce likitocin dabbobi da ake turo mana sun san sunan ciyayi a littafi, amma ba su san yadda makiyaya suke kiran su ba, ko lokacin da suke amfani da lokacin da suke cutarwa. Ya ce a samo dattijo mai sanin daji a rubuta abin da ya sani. Na ce ga mahaifina. Haka aka yi. Kowace Asabar in tafi da sassafe in ɗauko Baffa a babur, a tayar mana da janareta da ɗan man da aka ware, mu yi aiki har zuwa azahar.

Baffa ba ya zama a kujera. Buzunsa yake shimfiɗawa kusa da ƙofa, ya jingina sandarsa a bango, ya ce a kashe masa fanka. Kwamfutar kuwa "akwatinka" yake ce mata. Sai ya ce, "To, buɗe akwatinka." In ce masa gamba, ya yi ta bayani: inda take fitowa, lokacin da shanu suke son ta, lokacin da ta tsufa sai dai a yi zana. In ce kyasuwa, in ce harkiya, in ce tofa. Daga ciyayi muka shiga itatuwa, gawo da kalgo da marke da kirya, daga nan muka shiga cututtuka, sammore da ɓoru da ciwon huhu da hanta. Ban taɓa zama da shi mai tsawo irin wannan ba tun da aka kai ni makaranta. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana, ba ya ma yawan kallona. Amma a ɗakin nan, da yake wai aiki muke yi, magana ta yi masa sauƙi.

A nan na yi wani kuskuren. Kowace ciyawa sai na buɗe mata nata fayil. Kowane ice nasa, kowace cuta nata. In Baffa ya tuna wani abu a kan gamba bayan sati, maimakon in koma tsohon fayil in ƙara, sai in buɗe sabo. Na'urar ba ta karɓar suna mai tsawo, harafi takwas ne iyakarta, kuma ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Burburwa ta shiga daidai, ƙarangiya kuwa sai da na yanke mata wutsiya. Duk na zuba su wuri ɗaya a filin faifan. Malama Rahila ta nuna mana yadda ake yin folda a tara fayiloli masu kama da juna a ciki, amma na ga ƙarin wahala ne kawai. Ban da haka, ban taɓa goge komai ba. Rubutun gwaji da na yi farkon dawowata yana nan, wasiƙar neman hutu da na fara ban gama ba tana nan, har da wani fayil da babu komai cikinsa sai sunana da na buga don in ga yadda yake a fuskar na'ura. Ina jin daɗin ganin sunayen suna ta gangarowa da yawa in na duba faifan. Sai in ji na yi aiki.

Ki tsara kayanki tun suna kaɗan. Abin da ya yi kama da juna ki haɗa shi wuri ɗaya, ki ba shi sunan da za ki gane bayan shekara. Abin da ba shi da amfani ki goge shi da hannunki kina cikin natsuwa. Yawan fayil ba shi ne yawan aiki ba, ni na daɗe ban gane haka ba.

Wata Asabar, gab da faɗuwar damina, muna maganar wata fadama da ke bayan dajin, inda harkiya take daɗewa ba ta bushe ba. Baffa ya ce sun yi rani a can shekarar da aka haife ni. Na ɗauka ya gama, har na kai hannu zan adana. Sai ya juya fuskarsa wajen ƙofa ya ce, "Mahaifiyarka ce ta gano wurin."

Tun da nake ban taɓa jin ya ambace ta ba. Goggo Hansai ma ba ta san ta sosai ba, don tana aure can nesa, sai bayan rasuwar ta dawo. Dangin mahaifiyata kuwa sun ƙetara arewa da shanunsu tun ina ƙarami, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da na sani game da ita sunanta ne kawai, wanda yake a takardunki na makaranta, shi ya sa muke kiran ki Uwani.

Baffa ya ci gaba da magana, murya ƙasa-ƙasa, da sauri, bai dube ni ba. Janareta yana ƙara a bayan taga. Tsoro ya kama ni kada kalma ɗaya ta kuɓuce. Na sunkuyar da kai na saki hannu. Ke ba ki yi aikin tafireta ba, bari in gaya miki yadda yake. Wanda ya ƙware, magana tana shiga kunnensa ta fita ta yatsunsa ba tare da ta tsaya a zuciya ba. Na sha buga wasiƙa mai shafi da yawa, a tambaye ni me ke ciki in kasa faɗa. Haka na yi da maganar Baffa. A raina na ce bari in kama ta duka tukuna, in na koma gida hankali kwance in karanta, ni kaɗai. Ya daɗe yana magana. Da ya gama ya share bakinsa da gefen rawani ya ce, "Shi ke nan."

Na danna in adana. Na ba fayil ɗin suna. Na'ura ta ɗan yi gurnani, sai ta rubuto cewa ba za ta iya buɗe sabon fayil ba. Na sake, ta sake ƙi. Na canza suna, ta ƙi. Na duba yawan wurin da ya saura a faifan, na ga ko rabi ba mu ci ba. Sababbin faifai da injin bugawa duk suna ofishin Malam Lawal a kulle, shi kuma ya tafi Katsina. Na fitar da faifan na hura shi, na mayar, na sake dannawa.

Baffa ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baffa. Ɗan gardama take yi."

Ya ce, "Ba ka da alƙalami ne?"

Na ce, "Yanzu za ta karɓa."

Akwai biro a aljihuna, akwai takardu a kan tebur. Da na bar na'urar na kwafe abin da ke fuskarta da hannu, da na samu ko da rabi ne. Da ma na tsaya na karanta shi kawai. Amma hankalina duk ya koma kan yadda zan sa ta yi abin da na ce, kuma ina jin kunyar in zauna ina karanta maganar a gabansa. Ina cikin haka janareta ya yi tari ya mutu, man da aka ware ya ƙare. Fuskar na'ura ta yi baƙi.

Daga baya na ce, "Baffa, abin da ka faɗa yanzu bai zauna ba. Na'urar ta samu matsala."

Ya naɗe buzunsa ya ɗauki sanda. Ya ce, "To. In an gyara akwatin ka zo ka ɗauke ni."

A hanya yana bayana a babur har Ruma, tafiya mai nisa, ba wanda ke jin mu. Ban ce ya maimaita ba. So nake ya maimaita a gaban na'ura, komai ya zauna wuri ɗaya tsaf.

Idan mutum yana gaya miki magana mai nauyi, Uwani, ki cire hannunki daga kan madannai ki saurare shi. Rubutu ya biyo baya. Kuma in na'ura ta ƙi, kada ki tsaya kokawa da ita alhali abin da kike so ki tsira da shi yana gabanki. Ki fara tsirar da shi ta kowace hanya, ko da a bayan ambulan ne, sannan ki dawo ki nemi dalili.

Ranar Litinin na karɓi sabon faifai wurin Malam Lawal. Na kwashe duk abin da ke tsohon na zuba a sabon, ban bar ko ɗaya ba. Sannan na gwada buɗe sabon fayil. Ta ƙi, da irin saƙon nan dai. Na karɓi wani faifan na sake yin haka, ta sake ƙi. Sai na je na gaya wa manaja cewa na gwada faifai daban-daban duk abu ɗaya ne, saboda haka na'urar ce ta lalace. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, shi kuma bai san komai a kanta ba, ya yarda. Ban taɓa tunanin in sa sabon faifai babu komai a cikinsa in gwada ba. Aka rufe ta da mayafi, muka zauna jiran ranar da motar ofis za ta je Kaduna. Jiran ya yi tsawo, don ruwa ya sauka, motar tana rabon iri a ƙauyuka, daga Wagini zuwa can ƙasan Safana.

Da ranar ta zo muka naɗe na'urar da barguna muka sa a bayan a-kori-kura, na zauna kusa da ita ina riƙe da ita a kan gargada har muka hau kwalta. A Kaduna na samu Malama Rahila. Ta kunna, ta sa nata faifan, ta rubuta, ta adana. Ba matsala. Ta ce in ba ta nawa. Ta duba jerin sunayen suna gangarowa har suka ƙare.

Ta ce, "Malam Sule, na'urarka lafiyarta ƙalau. Faifanka ne ya cika."

Na ce, "Malama, ko rabi bai kai ba. Ki duba."

Ta ce, "Wurin rubutu bai cika ba, gaskiya ne. Wurin suna ne ya cika."

Ta jawo kujera ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce a farkon kowane faifai akwai ɗan wuri da aka keɓe don sunayen fayiloli, kuma layukansa a ƙidaye suke tun ranar da aka shirya faifan, ɗari da 'yan kai a irin namu. Kowane fayil sai ya ci layi ɗaya, ko da kalma ɗaya ce a cikinsa. In layukan suka ƙare, ko faifan fanko ne ba za ta karɓi sabon suna ba. Folda kuwa layi ɗaya take ci, amma a cikinta tana riƙe nata sunayen masu yawa. Ta ce shi ya sa da na kwashe komai zuwa sabon faifai ban canza komai ba, cikar na kwasa na tafi da ita.

Na tambaye ta, "A ranar da ta ƙi, akwai abin da zan iya yi?"

Ta ce, "Da ka goge guda ɗaya cikin waɗanda ba ka so, da ta karɓa nan take. Ko ka ba sabon rubutun sunan wani tsoho ya hau kansa." Ta nuna fuskar na'ura da biro. "Kamar wannan. Me ke cikinsa?"

Na duba. Na ce, "Sunana ne kawai."

Ba ta ce mini ta koya mana wannan a aji ba, ko da yake ni da ita duk mun san ta koya. Ta taya ni yin folda, ɗaya ta ciyayi, ɗaya ta itatuwa, ɗaya ta cututtuka, muka goge tarkacen. Kafin la'asar mun gama. Da na dawo na gaya wa Malam Lawal gaskiyar abin da ya faru, bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, ai an ƙaru," ya miƙo mini tarin aikin da ya taru.

Kada ki yi saurin cewa abu ya lalace don ya ƙi yin yadda kike so. Ki fara zargin fahimtarki. In za ki gwada, ki canza abu ɗaya ki gani, kada ki maimaita abin da kika yi jiya ki kira shi gwaji. Kuma kada ki faɗi abin da ba ki tabbatar ba da murya mai ƙarfi a gaban wanda bai san aikin ba, don zai yarda da ke, sai kuskurenki ya zama na ofis gaba ɗaya.

Na'ura ta gyaru, amma ban je na ɗauko Baffa ba. Lokacin rabon taki ne, Asabar ma muna aiki. Hanyar Ruma ta yi laka. Na ce sai ruwa ya ɗan tsagaita. Na aika masa da goro da saƙon cewa akwati ya warke, ina nan tafe. Ya aiko cewa ba gaggawa. Na ɗauki maganarsa a yadda ta zo, don ta yi mini daɗi.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da ƙanena Bello ya zo ofis da hantsi, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce Baffa ya faɗi a wurin tatsa. Na same shi kwance a bukka, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Mun kai shi asibiti a Katsina, an yi abin da za a iya. Hankalinsa yana nan sarai, yana gane kowa, yana cin abinci. Magana ce ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, "to", da ita yake amsa komai.

Ya rayu damina biyu bayan haka, a nan gidan, a ɗakin da ƙannenki suke kwana yanzu. A cikin wannan lokacin aka haife ki, an sa masa ke a cinya, na faɗa masa sunan da na raɗa miki, ya ce, "To." Sau ɗaya na zauna kusa da shi na ce ya yi ƙoƙari ya sake gaya mini maganar ranar nan, ko da da hannu ne, ni zan yi ta tambaya shi kuma ya gyaɗa kai. Ya kama wuyan hannuna da hannun hagu, bakinsa ya yi ta motsi, gumi ya keto masa. Na ga wahalar da nake ba shi, na ce ya bari. Ban sake tambaya ba.

Abin da za a iya yi yau da wanda yake da rai, kada ki jingina shi da gyaran wani abu. In babba ya ce miki ba gaggawa, sau da yawa kara yake yi miki.

Yanzu in koma kan filashinki. Na san na'urorin yau sun wuce tamu nesa, ban yi musu ba. Amma kafin in yi ritaya na yi aiki da waɗanda suka biyo baya, kuma duk wadda na taɓa tana da iyakarta: iyakar yawan fayil, iyakar abin da folda ɗaya za ta ɗauka, iyakar tsawon suna, iyakar girman fayil guda. An dai matsar da iyakar ne can nesa inda ba kowa yake kaiwa ba. Ke kuma da za ki mayar da abin sana'a, wata rana za ki kai, kuma wataƙila kayan wasu ne a hannunki ranar. Duk na'urar da aka ba ki, ki nemi sanin inda take tsayawa tun kafin ki fara zuba mata kaya. Abin da yake da muhimmanci ki ajiye shi wuri biyu. Na Baffa na ciyayi da cututtuka na buga su a takarda daga baya, likitocin sun yi amfani da su, kwafi ɗaya yana wurin Bello. Faifan kansa yana cikin akwatina, babu sauran na'urar da za ta karanta shi a garin nan.

Abin da ya zauna a kaina daga maganar ranar nan ba shi da yawa, amma naki ne, gara in ba ki shi a rubuce. Kakarki doguwa ce, ta fi Baffa tsawo. Na riƙe wannan ne don ya yi 'yar dariya da ya faɗa, dariyar ta sa na ɗago kai. Ba ta shan madara sai nono ya kwana. Kuma bahaguwa ce, ta wancan gefen take tatsa, har shanun da ta saba da su suka ƙi tsaya wa kowa bayan rasuwarta, sai da Baffa ya koyi zagayawa ya tsuguna ta inda take tsugunawa. Shi ya sa lokacin da kike aji ɗaya na je na samu malaminku na ce kada ya sake dukan hannunki, ya bar ki ki yi rubutu da hagunki. Kin tambaye ni dalili a lokacin ban ba ki amsa ba.

Saura abu ɗaya. Kafin wutar ta ɗauke, a layukan ƙarshe da ke fuskar na'urar, na ga sunana. Baffa ba ya faɗin sunana da bakinsa, don haka maganarta ce yake maimaitawa. Ta faɗi wani abu a kaina kafin ta rasu, ya riƙe shi shekara da shekaru, ya kawo mini har ofis, na buga shi da yatsuna. Ban san me ta ce ba.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci ko da karatu ya yi yawa. In za ki zo hutu ki shigo motar safe, ki aiko mu sani. Allah ya buɗa miki ƙirji, ya sa ki gane abin da aka koya miki, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri. Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya dawo mana da ke lafiya. Ki sa Baffa da takwararki a addu'a, Allah ya jiƙansu. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sule